Babur ɗin Baba Ya Daina Tari

Duk layinmu babu wanda bai san babur ɗin Baba ba, ba kuwa don kyansa ba. Ja ne a da, rana ta ci fentin har ya koma kalar bulo, kujerar an ɗinke ta da zaren buhu, ga nawa kamar an roƙe shi. Ko me za ka yi masa ba ya gudu. Masu keke sukan wuce Baba a hanya, har su sami sukunin waigowa su gaishe shi. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne tari. In Baba ya taso daga shagonsa na kafinta da yamma, sai ya tsaya a ƙofar gida ya murɗa totur. Injin ya ɗaga murya kamar da gaske, ya kai rabi ya shaƙe, ya yi tari biyu, sannan ya mutu. Da jin tarin nan Inna take miƙewa ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta jawo kwanon abinci. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta kai loma baki da yamma ba sai babur ɗin nan ya yi tari.

Mu biyu suka haifa, ni da Yaya. Ni tela ce, kuma da aurena ya mutu gida na dawo, na kafa kekena a ɗakin da ke kallon na Inna. Yaya bakanike ne, amma ba irin wanda ake kai wa inji don ya lalace ba. Shi lafiyayyen inji ake kai masa ya ƙara masa ƙarfi. Mota, babur, tarakta, injin jirgin ruwa, duk wanda ya ga nasa ba ya ja yadda yake so, wurin Yaya ake tura shi.

Inna ta fara mantuwa tun Baba na raye. Da fari gishiri ne take zubawa ta sake zubawa, daga baya ta fara tambayata 'yar gidan wa ce ni. Ni dai tana kama ni tana saki, yau Auta ce, gobe yarinyar nan mai ɗinki. Yaya kuwa ya ɓace mata gaba ɗaya. In ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa a mutunce kamar yadda ake amsa wa baƙo, ta ce a kawo wa bawan Allah ruwa. Yakan yi dariya ya ce shi gaba ta kai shi, an yafe masa duk ɓarnar ƙuruciya ba tare da ya roƙa ba. Dariyar iyakarta haƙora, ni na sani, don ruwan ma ba ya iya sha.

Da Baba ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya, an gaya mata. Ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta kwanta, ta tashi babu labarin a kanta. Yamma na yi ta zauna a bakin gado tana kallon ƙofa. Na kawo abinci, ta ce in rufe, babanku bai dawo ba. Likita ya ce mu daina maimaita mata, don kullum sabuwar mutuwa ce a wurinta. Muka daina, amma ita ma ta daina ci. Da safe ta ɗan kurɓi shayi, da rana ta tsakuri abin da bai kai a ce an ci ba, abincin yamma kuwa, wanda shi ne dama abincinta, ko murfin ba ta ɗagawa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Wuyan hannunta ya koma kamar na yarinya, ina kallo uwata na ƙarewa a gabana.

Maƙwabcinmu mai wanki ne ya cece mu, bai ma san ya yi ba. Ya shigo wata yamma ya ce bai kamata a bar babur a jingine ba, tsatsa za ta cinye shi. Ya tura shi ƙofar gida, ya buga kik, ya murɗa totur. Injin ya kai rabi ya shaƙe, ya yi tarinsa. Ina tsaye a ɗakin Inna da kwano a hannu sai na ga ta miƙe, hannunta ya tafi kan ɗankwali.

"Auta, ga babanku nan. Miƙo kwanon."

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ya ce ki fara, Inna, zai watsa ruwa tukuna."

"Halinsa ke nan," ta ce, ta zauna ta buɗe kwano. Ta ci har ta nemi ƙari.

Daga ranar na zama mai babur, ni da ko keken hawa ban iya ba. Yamma na yi zan ajiye almakashi, in tura shi waje, in tattare zani in yi ta bugun kik har ya tashi, in murɗa, ya yi tari, in shigo da saƙon Baba. Yau yana wanka, gobe ya tsaya magana da mai wanki. In ta ci ta sha magani, barci ke ɗauke ta, ba ta ƙara tambaya. Ƙarya ce, na sani, kuma ko a gaban wa zan maimaita ta. Kumatun Inna suka dawo, har ta koma yi mini tsiya a kan ɗinkina.

Sai dai babur ɗin ya tsufa, kullum ƙara taurin kai yake. Na buga kik har idon sawuna ya kumbura. Ran nan ya ƙi tashi ƙememe. Na buga, mai wanki ya buga, muka tura shi har ƙarshen layi muka dawo, ko uffan bai ce ba. Inna ta kwana da kwanonta a rufe.

Da safe na tafi garejin Yaya. Rumfar kwano ce doguwa a bayan wurin ajiye manyan motoci, ƙasan ta yi baƙi ƙirin da mai, in ka taka sai takalminka ya kama. Wata tarakta na tsaye an buɗe mata ciki, samari masu tseren babur sun jeru a benci suna jiran layi. Na same shi a kan wani injin jirgin ruwa da aka tsoma ƙafarsa cikin duro, ruwa na ta tafasa yana fallatsa. Ya karkata kai, ido a rufe, yana juya sukudireba kaɗan-kaɗan. Ni ban ga abin da ya canza ba, amma na ji muryar injin ta daidaita, mai jirgin ya washe baki.

"Auta, lafiya? Ko keken ɗinkin ne za a ƙara wa gudu?"

"Babur ɗin Baba ya ƙi tashi. Inna ba ta ci ba jiya."

Ya kashe injin. Ya san abin da nake yi kullum da yamma, ni na gaya masa tun farko. Ya dubi ƙafata da ke ɗaure da tsumma, ya ce me ya sa ban kira shi tuntuni ba.

Na ce, "Ka sa ya tashi kawai, Yaya. Ban ce ka gyara ba."

"Mene ne bambancin?"

"Kai ka sani. Na san hannunka, ƙaiƙayi yake yi."

Ina da dalilin faɗin haka. Tsakanin Yaya da babur ɗin nan akwai tsohuwar magana. Yana saurayi yakan sace shi in Baba ya kishingiɗa, ya tafi tsere da abokai, har ran da ya faɗi aka kawo shi gida a ɗauke. Tabon na nan a haɓarsa. Tun daga lokacin babur ɗin bai ƙara gudu ba, Yaya kuma ya sa wa ransa cewa faɗuwarsa ce ta lalata shi. Da ya ƙware a sana'a babu irin roƙon da bai yi ba a bar shi ya duba. Baba yakan ce, "Yana kai ni inda za ni." In ya matsa, Baba ya ce ko sifana ya kusanto da ita sai ransa ya ɓaci. Abin na ci wa Yaya rai. Gari guda na kawo masa inji, amma ubansa na tafe a kan babur ɗin da awaki ba sa kauce wa.

Ya zo da rana da jakar kayan aikinsa. Ranar ce kuma ranar ganin likitan Inna, don haka na bar shi a tsakar gida muka tafi. Layi ya yi tsawo, ba mu dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Na shigar da Inna ɗaki, na fito na tarar da tsakar gida na warin fetur, tsummoki baƙaƙe a ko'ina, babur na tsaye an goge shi har tankin na ɗaukar ido. Yaya na zaune a kan bokiti, fuskarsa fal murna. Rabon da in ga wannan fuskar tun kafin Inna ta manta shi.

"Fulogi ne kawai ya mutu," ya ce. "Amma da na buɗe..."

"Yaya."

"Saurara mana. Bawul duk sun saki, wuta ba ta zuwa a kan lokaci, salansa ta toshe da dattin shekara da shekaru. Sannan kin san abin da na tarar a cikin kabureta? Wani zoben ƙarfe, guntun bututu, an yanko shi an cusa a sama. Shi ya hana totur buɗewa ya wuce rabi. Ashe ba ni na lalata babur ɗin nan ba, Auta. Wani mugun bakanike ne ya cuci Baba, ya bar shi yana rarrafe a titi duk tsawon shekarun nan. Na cire na yar. Yanzu ko da hannu kika danna kik zai tashi, ƙafarki ta huta."

Na ce, "Tarin fa?"

"Wane tari? Ai ciwo ne. Lafiyayyen inji ba ya tari."

Sai da maganar ta fita bakinsa sannan ya ji ta. Na ga murnar ta zube daga fuskarsa. Ya dubi babur, ya dubi ƙofar Inna, ya ce a hankali, "Ai babur ɗin ne dai. Za ta gane shi."

Na so in zage shi, wallahi na so. Amma yamma ta riga ta yi, Inna na bakin gado tana kallon ƙofa, ga yunwar jiya a cikinta. Na zuba abinci na shiga, shi kuma ya tura babur waje.

Bugu ɗaya ya tashi. Muryar ta fito sumul, babu gargada. Da ya murɗa totur sai ta haura, ta wuce inda ta saba shaƙewa, ta yi ta hawa har gilashin taga ya ɗauki rawa. Sannan ya kashe, ta ɗauke ɗif.

Inna ba ta miƙe ba. Ta karkata kai, irin karkatawar da na gani a gareji da safe, ta daɗe a haka.

"Wa ya cire?" ta ce.

"Cire me, Inna?"

"Zoben."

Yaya ya riga ya iso bakin ƙofa, hannuwansa baƙi da mai. Ba ta dube shi ba, ni take kallo, kuma idonta tar, babu hazon nan da na saba gani.

"Ran da aka kawo yaron nan jini ya wanke masa riga, babanku bai runtsa ba. Gari na wayewa ya yanko bututu da zartonsa, ya buɗe injin ya sa. Ya ce yaron nan ba zai daina ɗauka ba, duka ba ya jinsa, to gara babur ɗin ya daina gudu. Na ce kai fa, haka za ka yi ta tafiya ana yi maka dariya? Ya ce a yi. Da yaron ya girma na ce to yanzu sai a cire. Ya ce girma ba ya hana faɗuwa. Ya ce muddin yana numfashi ba mai cire shi."

Ta dubi ƙofa, ta dubi kwanon da ke hannuna, sannan ta dawo da ido kaina.

"Auta. Yaushe?"

Ni da na yi wata da watanni ina ƙirƙiro wanka da hira da mai wanki, na nemi ƙarya ɗaya a bakina na rasa. Na ce, "An daɗe, Inna."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta kwance ɗankwalinta, ta ninke shi a kan cinya, ta ninke, ta sake ninkewa har ya ƙi ninkuwa. Sannan ta kwanta ta juya fuska bango. Da na waiga ban ga Yaya ba. Na same shi a waje ya kifar da kwandon shara a ƙasa, yana tona ɓawon albasa da ƙyallayen ɗinkina da hannu, hawaye na bin tabon haɓarsa. Fushin da na ɗauko ya rasa inda zai sauka, na durƙusa muka tona tare. Ni na tsinci zoben, ɗan abu da bai fi a sa a babban yatsa ba, bakinsa duk sawun zarto.

Na kwana ina fatan mantuwa, ni da na sha tsine mata. Na ce ai gobe za ta tashi babu komai a kanta, kamar kullum. Ta tashi ta manta an je asibiti, ta manta sunana, ta kira ni yarinyar nan mai ɗinki. Amma da yamma ba ta zauna a bakin gado ba, ba ta kalli ƙofa ba. Ciwon da ya kwashe mata komai, wannan ɗaya ya bar mata, sanin cewa Baba ya rasu.

Yaya ya mayar da zoben tun da sassafe. Babur ya koma shaƙewa a rabi, amma bai yi tari ba, sai ya yi wani gurnani ya mutu. Ya ce tarin ba na zoben kaɗai ba ne, har da dattin da ya wanke da sakin da ya ɗaure, abin da shekaru suka tara a hankali. Ya rufe gareji ya tare a tsakar gidanmu. Masu tarakta da masu jirgi suka yi ta kira, ya kashe wayar. Mutumin da duk rayuwarsa ƙarfi yake ƙara wa inji, ga shi zaune a kan bokiti yana koyon yadda ake raunana shi. Ya sassauta bawul, ya jinkirta wuta, ya cusa wa salansa tsumman ƙarfe, ya tono tsohuwar matatar iska daga shara ya mayar. Ya tayar, ya saurara, ya girgiza kai, ya sake kwancewa. Wani lokaci ya kira ni daga kan keke.

"Auta, haka yake yi?"

"A'a. Na Baba na biyun ya fi na farkon nauyi."

Ya koma. Ni kuma ina ɗaki ina fama da cokali. In na yi sa'a ta karɓi shayi, in na matsa ta kawar da kai. Kumatun da muka samu suka sake zubewa, har suka fi na da. Ban yi wa Yaya gori ba ko sau ɗaya, ba don ina da kirki ba, sai don na ga babu abin da zan faɗa masa da bai riga ya faɗa wa kansa ba. Shi ma ba ci yake ba.

Wata yamma ina ɗakin Inna da kwano, na ji ya tura babur ƙofar gida. Ya buga, ya buga, da ƙyar ya tashi. Ya murɗa. Injin ya ɗaga murya, ya kai rabi ya shaƙe, ya yi tari biyu, na biyun ya fi nauyi, ya mutu. Ni da na san komai, sai da na waiga ina jiran in ga Baba ya shigo da hularsa a hannu, ƙurar katako a gira.

Inna ta buɗe ido. Ta saurara.

"An mayar?"

"An mayar, Inna."

"Madalla. Ki gaya wa yaron nan ya bar shi a ciki. Har yanzu gudu yake yi, na ji hannunsa."

Na matso da kwanon, na buɗe murfi. "To tashi ki ci, Inna. Ko kaɗan."

Ta dubi abincin, ta dube ni, kallon tausayi kamar ni ce marar lafiyar.

"Ɗauke, Auta. Ba mai shigowa."

Ta mai da ido ta rufe.

Na fito da kwanon. Yaya na tsaye a ƙofar gida riƙe da kan babur, bai kalli fuskata ba, kwanon ya kalla. Na gaya masa saƙon, kalma bayan kalma yadda ta faɗa.

"Yaron nan ta ce?"

"Yaron nan."

"Ba bawan Allah ba?"

"A'a."

Ya sunkuyar da kai a kan tankin, kafaɗunsa na motsi. Can ya ɗago ya share fuska da bayan hannu, baƙin mai ya shafe masa kunci. Ya ɗora ƙafa a kan kik.

"Bari in sake," ya ce. "Ƙila ba ta ji sosai ba."

Ban hana shi ba. Na tsaya da kwanon a hannu yana hucewa, babur ɗin Baba na ta tari a ƙofar gida.